Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin muhalli, noma da lafiya: a zo a auna iskar da muke shaƙa a ƙauyukan noman rani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da kyau, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Allah ya taya ku riƙo. Ni malamin firamare ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke shan ruwan kanal a yankin Kura, kuma kamar kusan kowa a nan ina da 'yar gonata, da rani tumatir da albasa, da damina shinkafa. Wasiƙar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, mun daɗe muna tauna maganar a majalisa bayan la'asar, ƙarshe aka ce Malam tunda kai ne mai biro kai za ka rubuta. To ga shi na rubuta, da yawun ƙananan manoma, da samarin da ake ɗauka ƙwadagon feshi, da matan da ke tsinkar tumatir, da yaran ajina, har da Fulanin da ke sauka gefen gonaki da shanunsu, su da ba wanda yake tambayarsu komai.

Abin da ya taso da zancen shi ne sanarwar hana wasu magungunan feshi. Mun ji NAFDAC ta hana paraquat daga farkon 2024, wanda mu nan muka fi sani da gramazon, sannan chlorpyrifos da atrazine suka biyo baya. Kafin nan ma tun 2019 an hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa da kantuna. Wallahi mun yaba, ba wanda ya ce ba a kyauta ba. Sai dai wani dattijo a majalisarmu ya yi wata tambaya da ta tsaya min a rai, ya ce to an duba kwalba, an duba wake, shi kuma wanda ya riga ya fita daga kwalbar ya bi iska ya shigo mana ɗaki wa yake duba shi? Aka yi shiru. Ni dai tun tasowata har na kai ga koyarwa ban taɓa ganin an kafa wani abu a garinmu an ce wannan na auna iska ne ba.

Ku tuna abin da ya faru da wakenmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an sami dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima, wato sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Su iyakarsu miligiram 0.01 ne a kowane kilo, namu kuwa an sami wanda ya kai 4.6. Ya aka yi suka sani? Sun auna ne kawai. Bature bai zo ya shinshina buhu ba, ya ɗebi wake ya kai ɗakin gwaji, lamba ta fito, magana ta ƙare. Daga nan kowa ya tashi tsaye, taro, jawabai, wayar da kai, saboda kasuwa ta rufe. Ban ce kar a damu da kasuwa ba, ni ma kuɗin nake nema, amma wanda zai ci waken nan a Ingila ko Jamus yana da mai auna masa, mu da muke kwana muna tashi a tsakiyar inda ake feshin ba mu da shi.

Bari in ba ku labarin wata rana, don ku gane abin da nake nufi. Cikin watan Maris ne, zafi ya fara sauka, ina aji huɗu muna lissafi wajen ƙarfe goma na safe. Tagogin ajin ba gilashi, wasu ma ko ƙyaure babu, kuma daga bangon ajin zuwa kuyyar farko ta gonar tumatir in ka jefa dutse zai wuce. Sai kawai wari ya shigo, irin warin nan mai kama da kananzir da tafarnuwa a haɗe, wanda duk ɗan ƙauyen rani ya san shi ko yana barci. Yara suka fara tari, wasu suka ja hijabi suka toshe hanci, wata yarinya da ke zaune jikin taga ta ce Malam kaina, kafin in ce ta fita ta yi amai a bakin ƙofa. Na leƙa, wa zan gani da famfon goyo a baya in ba ƙanin mahaifina ba, ya naɗe ƙafar wando, ba takalmi, ya ɗaura tsumma a hanci. Na fita na durƙusa na gaishe shi na ce Baffa da ka yi haƙuri sai an tashi yara. Ya sauke hannun famfon ya dube ni ya ce, yo ɗan nan, tsutsar sharon za ta jira a tashi makaranta ne? Ban iya ce masa komai ba don na san bashin da ya ci ya shuka tumatirin nan.

Yarinyar an kai ta wajen mai kemis, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ta magani, bayan kwana biyu ta dawo aji. Wataƙila ma maleriyar ce da gaske, ni ba likita ba ne. Abin da ya dame ni shi ne ba wanda ya tambayi ina take zaune lokacin da abin ya same ta, ba a rubuta a ko'ina ba, kuma in yau na je gaban wani babba na ce iskar makarantarmu tana da guba zai ce kawo hujja, ni kuma hujjata hancina ne kawai.

Kuma kar a ce na wanke kaina na ɗora wa Baffa. Ni ma ina feshi. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan ta tuta absoluta, wadda muke kira sharon, ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, tsoro ya shige mu, kowa hannunsa ya ƙara nauyi. Wanda da yake zuba murfi ɗaya a famfo mai lita 16 ya koma biyu, wanda yake feshi sau ɗaya a sati ya koma duk bayan kwana uku, ga haɗin gambiza, magani biyu uku a tanki ɗaya saboda wani ya ce shi haka ya yi tasa ta tsira. Tsutsar kuma a cikin ganye take haƙa rami ta shige, maganin ba ya kai mata sosai, ga ta da saurin sabawa da magani, sai ya zama mu ne muke shanye rabin abin da muka fesa mata. Yanzu ku lissafa gona nawa ce daga Kura zuwa Bunkure zuwa Garun Malam, duk inda ruwan Tiga yake kaiwa, kowa da famfonsa, a sati ɗaya, kuma gidaje a tsakiya.

Mutane da yawa suna ɗauka in mai feshi ya sauke famfo ya tafi shi ke nan. A'a. Akwai feshin da iska ke kwasa nan take, ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, musamman in bakin famfon ya lalace ko an matsa shi da ƙarfi yana fitar da hayaƙi-hayaƙi. Akwai kuma wanda ya riga ya sauka a ganye da ƙasa, in rana ta take sai ya tashi kamar tururi, yana iya yin awanni ko kwanaki yana tashi, kuma kun san Kano a Maris da Afrilu zafi yana taɓa digiri 40. Sai wanda ya maƙale a ƙura, hunturu ya zo ya ɗauka ya zuba mana a randa da kan tuwo da shanyar kaya. Wani abin ma da ya ba ni mamaki da na karanta shi ne lokacin da muke ganin ya fi dacewa, wato magariba ko asuba da iska ta tsaya cak, shi ma yana da nasa haɗarin, don iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa ta riƙe ƙananan ɗigon nan, su yi ta yawo a hankali kamar hazo har su isa inda mutane ke kwance a waje saboda zafi. Mu kuwa lokacin zafi wa yake kwana a ɗaki?

Abin da yake yi a jiki kuma likitocinku sun fi ni sani. Dangin su dichlorvos da chlorpyrifos suna taɓa jijiyoyi ne, alamunsu ciwon kai, jiri, tashin zuciya, yawu ya yi ta zuba, gumi, ƙwayar ido ta ƙanƙance, tsoka tana rawa, in ya yi tsanani numfashi ya gagara. Rabin alamun nan in ka kai su ƙaramin asibitin ƙauye maleriya ko taifod za a ce. Shi chlorpyrifos ma babban dalilin da ya sa ƙasashe suka juya masa baya shi ne illarsa ga ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. Paraquat kuwa huhu yake ci kuma ba shi da makari. Wani bincike da aka buga a 2020 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 385 ne suke gamuwa da gubar maganin feshi ba da gangan ba duk shekara a duniya. Nawa ne daga ciki 'yan Kura? Ba littafin da za a buɗe a gani, tunda ba a rubutawa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi 'yan ƙwadagon feshi ne. Yaro ɗan shekara sha biyar sha shida, ana biyansa kan kowane tanki, don haka sauri yake, famfon yana yoyo a gadon bayansa rigarsa sharkaf, iska ta juyo ta watsa masa a fuska ya goge da hannu ya ci gaba. In ya gama a ce ya sha madara ko manja wai yana kashe dafin, alhali ba ya kashe komai. Sai mata masu tsinka, da goyo a baya, suna shiga gonar da aka fesa jiya ko ma yau da safe saboda mota tana jira a bakin titi za ta Legas. A jikin kwalba an rubuta kwana nawa za a jira kafin a shiga ko a tsinka, amma da Turanci ne, da ƙananan baƙaƙe, wani ma a robar lemo aka ɗura masa, ba takarda ba suna. Masu kiwon zuma ma suna ƙorafi, sun ce amya tana yin shiru lokacin feshi, amma wannan zance ne na wata rana.

Ranku ya daɗe, abin da muke roƙo wasu sun riga sun yi shi, shi ya sa ba na jin kunyar roƙa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda suke noman kayan lambu da 'ya'yan itace kamar ba gobe, hukumar kula da maganin feshi ta jihar ta kafa tashoshin auna iska a garuruwan manoma tun 2011, suka fara da garuruwa uku, Shafter da Salinas da Ripon, daga baya suka ƙara. Duk sati ana ɗaukar samfurin iska na awa 24 a kai ɗakin gwaji a nemi magunguna iri-iri a ciki, kuma sakamakon ana buga shi kowa ya gani, har mutanen garin su ɗauka su yi jayayya da hukumar da lambobinta. Daga farkon 2018 suka hana nau'o'in feshin da iska ke saurin kwasa a tazarar kusan mita 400 daga makarantu da gidajen renon yara, Litinin zuwa Juma'a, shida na safe zuwa shida na yamma. Ƙarshen 2020 kuma suka daina amfani da chlorpyrifos kusan gaba ɗaya a gonakinsu. Da akwai irin wannan dokar a nan, ranar nan da ba roƙon Baffa zan je yi ba, shi ma da ya san ba ni ne nake masa rashin kunya ba.

Na Faransa ne ma ya fi tsorata ni. Daga tsakiyar 2018 zuwa tsakiyar 2019 sun auna iska a wurare 50 suna neman sinadarai 75, sai ga lindane a kusan kashi 80 cikin 100 na samfuran, alhali tun 1998 suka hana shi a noma. Lindane fa shi ne gamalin ɗin nan da iyayenmu suka sani, wanda har kifi aka riƙa kashewa da shi a rafi. Shekara ashirin da hanawa yana nan a iskarsu. To mu da muka hana namu jiya jiya, ga iyaka a buɗe, ga tsohon kaya a shaguna, da me za mu san hanin ya yi aiki in ba a auna ba?

Na san abin da za a fara cewa, babu kuɗi, babu wuta. Gaskiya ne injin da ke zuƙar iska yana buƙatar wuta ko batir, kuma shi ne yake iya kama abin da ya faru a rana guda kamar ranar da na ba ku labari. Amma akwai wata hanya mai araha da masana suke amfani da ita a ƙasashe da yawa, wani faifan soso ne na musamman ake sakawa tsakanin kwanonin ƙarfe biyu, ɗaya kife a kan ɗaya kamar an rufe tuwo, a rataye a sanda ko a kan rufi, iska tana ratsawa ta tsakani yana tsotse abin da ke cikinta, bayan wata uku a zo a cire a kai ɗakin gwaji. Ba ya shan wuta, ba ya shan mai. Ba zai gaya maka ranar Talata ƙarfe goma ga abin da ya faru ba, amma zai gaya maka waɗanne sinadarai ne suka yi yawo a garin a wannan zangon, har da waɗanda aka ce an hana. Kuɗin yana wajen gwajin ne, wannan kam ban ɓoye ba. Sai dai muna da Jami'ar Bayero a nan Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya da cibiyar binciken noma ta Samaru, cike da masu ilimin sinadarai da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. NESREA kuma, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, tun 2007 aka kafa ta, kula da ingancin iska yana cikin aikinta. Kayan miyan duk suna nan, mai haɗawa ake nema.

Saboda haka ga roƙonmu, kai tsaye.

A fara gwaji ko da a ƙauyuka uku ko huɗu ne a yankin noman ranin nan, a saka na'urar a makarantar firamare ko ƙaramin asibiti, inda yara da masu ciki suke taruwa, kar a kai ta sakatariyar ƙaramar hukuma inda ba gona kusa. A yi shekara guda cur, don a kama lokacin tumatir na rani da kuma farkon damina da ake zubar da maganin ciyawa kamar ruwa, don abin da ke iska a Fabrairu daban yake da na Yuni. In hali ya yi a haɗa da injin zuƙa ko guda ɗaya ne mai aiki da sola, a riƙa zagayawa da shi.

Sakamakon kuma, don Allah don Annabi, a dawo mana da shi. Wannan ne ya fi damuna a duk roƙon. Mun saba ganin baƙi sun zo da takardu sun yi mana tambayoyi, kana feshi sau nawa, kana sa safar hannu, mu ba su ruwa mu ba su amsa, su tafi, shi ke nan ko a mafarki. A faɗa mana da Hausa, a rediyo, a liƙa a ƙofar mai gari, a ba limamai su sanar ranar Juma'a: ga abin da aka samu, ga yawansa, ga iyakar da bai kamata ya wuce ba. In an auna an ga ba komai, alhamdu lillahi, a faɗa mana mu kwanta da daɗi, ni zan fi kowa murna in ya zama hancina ne ya yi ƙarya.

Kafin sakamako ya fito ma akwai abin da ba ya buƙatar jiran ɗakin gwaji. A sa tazara tsakanin feshi da makaranta a lokacin karatu. Ba lallai sai mita 400 irin ta Amurka ba, gonakinmu ƙanana ne kuma a manne suke da gari, wani duk gonarsa ba ta kai faɗin haka ba, amma a zauna da hakimai da dagatai da ƙungiyoyin masu amfani da ruwan kanal a tsayar da abin da zai yiwu, misali gonar da ke jikin makaranta ba feshi sai an tashi ko ranar da ba karatu, kuma mai feshi ya sanar da maƙwabta tun daren jiya su rufe randa su kwashe shanya. In dokar ta fito daga sama ta bi ta hannun mai gari za a bi, in ni na faɗa sunana yaro mara kunya.

Ma'aikatan ƙananan asibitoci a koya musu tambaya ɗaya tak, an yi feshi kusa da kai yau ko jiya? A ba su layi a rijistarsu da za su rubuta amsar, a tabbatar akwai allurar atropine, wadda ake yi wa wanda gubar dangin dichlorvos ta kama, a asibitin da ya fi kusa da gonaki tare da wanda ya san yadda ake amfani da ita. Akwai kuma gwajin jini da ke nuna yadda irin wannan gubar ta taɓa mutum, ko 'yan ƙwadagon feshi kaɗai aka yi wa a farkon rani da ƙarshensa za a ga abin da ake ciki.

Sannan a dawo mana da malaman gona cikin gona. Yawancinmu mai shagon magani ne malaminmu, shi kuwa ciniki yake, ba zai ce maka rage ba. Muna son wanda zai tsaya a kuyya ya nuna mana tarkon kama malam-buɗe-littafin sharon, da yadda ake sauya magani don kar tsutsa ta saba, da bakin famfon da ba ya hayaƙi, da yadda za ka duba inda iska ta dosa kafin ka fara. Ba wanda yake son zubar da kuɗinsa a iska, maganin nan tsada gare shi, in manomi ya ga zai rage tanki biyu tumatirinsa bai lalace ba, ba sai an roƙe shi ba. A kuma matsa wa masu shigo da magani su rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami, da hotuna manya.

Ba mu ce a hana feshi ba, kar wani ya juya mana magana. In aka hana yau, gobe ba tumatir a kasuwar Kwanar Gafan, mu ne kuma farkon shiga uku. Baffa ma da na karanta masa wasiƙar nan kafin in tura, ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, ya ce to ka ƙara musu da cewa in sun zo da kwanon nasu su rataya a jikin gonata, ni ma ina so in san me nake sha shekara talatin.

To na ƙara. Akwai doguwar sanda a harabar makarantarmu da a da ake ɗaga tuta, ba abin da ke kanta yanzu, kuma tana kallon gonakin sosai. Na yi magana da hedimasta da mai gadi, sun ce za su kula kar yara su jefi kwanon da dutse in an rataye shi a kanta.

Allah ya ƙara girma, ya ba ku ikon dubawa.

Naku,
Wani malamin firamare kuma manomin rani, a madadin majalisarmu, yankin Kura, Jihar Kano.